Ku Tambaya Mu Amsa: Tikitin Fatauci, a Waya Za a Yanka ko Wajen Ejan?

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan karon yawancinsu daga 'yan kasuwa ne da ma'aikatan kamfanoni, kuma kusan duk wuri ɗaya suka dosa: tikitin jirgi da masauki, a saya ta intanet ko a je ofishin ejan. Mun ɗauki waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, mun kuma taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Ina sayar da yadi a Kantin Kwari, ina shirin zuwa baje kolin Canton a Guangzhou. Ejan ɗina ya faɗa min kuɗin tikiti, sai yarona ya duba a waya ya ga wani shafi da ragi mai yawa. Cutata ejan yake yi, ko akwai abin da ban gani ba? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

AMSA: Alhaji, kafin a kira shi macuci sai an tabbatar kaya iri ɗaya ake tayawa. Hanyoyin yankar tikiti uku ne. Akwai shafin kamfanin jirgin kansa, kamar na Ethiopian ko EgyptAir, waɗanda ke tashi daga Kano su yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira kafin a wuce Guangzhou. Akwai shafukan dillalai irin su Wakanow, Travelstart, Trip.com da Expedia, waɗanda su ma ejan ne, fuskarsu ce kawai ba ka gani. Sannan akwai ejan mai ofis. Skyscanner da Google Flights kuwa ba su ke yanka tikiti ba, farashi suke tattarowa su tura ka wajen mai sayarwa, kuma sau da yawa na saman jerin wani ƙaramin dillali ne a wata ƙasa da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Babban abin da ya raba su shi ne, wanda ya yanka tikiti shi ke riƙe da linzaminsa. A ce kana Guangzhou, masana'anta ba ta gama haɗa maka kaya ba, kana son ƙarin kwana huɗu. Ka kira kamfanin jirgi, in ba a shafinsu ka saya ba, galibi za su ce ka koma wajen wanda ya sayar maka. In ejanka ne, saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa: ya buɗe na'ura, ya faɗa maka tara da ciko, ka tura, ya sake yankawa. In shafin dillali ne, sai layin waya ko imel, da Turanci, a kan agogon wata ƙasa, sannan su ɗora nasu kuɗin aiki a kan tarar kamfanin jirgi.

To ka sa yaron ya shige ciki, kada ya tsaya a farashin farko. Ya fara duba kaya. Tikitin da 'yan kasuwa suka saba da shi a wannan hanya yana ba da jaka biyu, kowace kilo 23. Mai arahar zai iya zama jaka ɗaya, ko jakar hannu kawai, kuma kuɗin awon jaka ta biyu a filin jirgi yana iya cinye ragin har ya wuce. Ya duba ajin farashi: kujerun baya duk iri ɗaya ne, amma ana sayar da su aji-aji, kowane aji da harafinsa, kuma mafi araha shi ya fi tsananin sharaɗi, ba a maido kuɗi, tarar canza rana kuma tana da nauyi. Ya duba ko tikiti ɗaya ne daga Kano har Guangzhou, ko tikiti biyu na kamfanoni daban aka liƙa wuri ɗaya. Daga ƙarshe ya bi har shafin biya ya ga jimla, ya ga kuma da wane kuɗi za a cira. In dala ce, canjin bankinka za a yi amfani da shi, ba wanda shafin ya nuna ba.

In an gama duk wannan ragin yana nan, kai wa ejan hoton ka ce ya rarrabe maka lissafinsa: asalin kuɗin tikiti, haraji, da kuɗin aikinsa. Kamfanonin jirage da yawa sun rage la'adar da suke ba ejan, wasu ma sun daina, shi ya sa yake ɗora nasa a kai. Wannan haƙƙinsa ne muddin ya faɗa. Wanda ya ƙi rarrabewa, shi ne abin tuhuma.

A ganinmu, tafiya irin taka, wadda ranar dawowa ba ta hannunka, ta ejan ce ko ta shafin kamfanin jirgin kai tsaye. Kuma ka lura da rana tun kafin ka biya: baje kolin na kaka zango uku ake yi, ana buɗewa 15 ga Oktoba da injina da kayan lantarki, yadi da tufafi kuwa sai zango na uku, wanda ke farawa ƙarshen Oktoba ya shiga makon farko na Nuwamba. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne a Sin, masana'antu da yawa a rufe suke.

TAMBAYA: Na biya wani ejan kuɗin tikitin Santambul, ya turo min takarda mai sunana da ranar tafiya. Ƙawata ta ce an taɓa ba ta irin wannan, ta je filin jirgi aka ce babu sunanta. Ta yaya zan gane tawa ta gaskiya ce? Daga wata mai sayar da kayan mata, Kaduna.

AMSA: Hajiya, kama kujera daban, yankar tikiti daban, kuma a tsakanin nan 'yan damfara ke cin abinci. Duk ejan mai na'urar Amadeus ko Sabre ko Galileo zai iya kama miki kujera ba tare da ya biya ko sisi ba, ya buga miki takarda mai kyau da tambarin kamfani. Kujerar tana da wa'adi, wani lokaci awa 24, wani lokaci 'yan kwanaki. In wa'adin ya cika ba a yanka ba, na'ura ta sake ta da kanta.

Ki nemi lamba biyu a jikin takardar. Ta farko ita ce PNR, haruffa da lambobi shida a gauraye. Wannan shaidar kama kujera ce kawai. Ta biyu ita ce lambar tikiti, lambobi 13, kuma ukun farko su ke nuna kamfanin jirgin: 235 na Turkish, 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar, 176 na Emirates, 065 na Saudia. In babu lambobi 13 ɗin nan, ba a yanka ba tukuna. In akwai, ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki, sashen duba tafiya, ki saka PNR da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo. Ya kamata ki ga tafiyarki da lambar tikitin a ciki. In kin fi son murya, ki kira ofishin kamfanin ki karanta musu lambar.

Kada ki tsaya a duba ɗaya. Ejan yana da damar soke tikiti a ranar da ya yanka shi ba tare da tara ba, galibi kafin sha biyun dare. An yi wannan dama don gyara kuskure, amma mugu yakan yanka da safe, ya bar ki ki duba ki gamsu, ya soke da daddare. Don haka ki sake dubawa washegari, ki kuma dubawa kwana uku kafin tashi. Wata hanyar kuma ita ce saye da katin sata: tikitin na gaske ne har ranar da mai katin ya kai ƙara, kamfani ya toshe shi. Alamarsa farashin da ya faɗi ƙasa da na shafin kamfanin jirgin sosai, ga gaggawar a turo kuɗi yanzu-yanzu.

Nan gaba, ki tura kuɗi asusun kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba asusun mutum ba, ki karɓi rasidi. Ki tambaya ko suna cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Nijeriya, ko suna da lambar IATA, ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya. Ƙananan ejan da yawa ba su da lambar, ta hannun babban ejan suke yanka, kuma wannan ba laifi ba ne. Amma ki san sunan babban, don ranar rigima shi ke da ikon taɓa tikitin.

TAMBAYA: Na sayi tikiti a intanet na rubuta Muhammad, a fasfo kuma Mohammed ne. Za a bar ni in hau? Daga wani mai karatu, Damagaram.

AMSA: Malam, kada ka jira ka gwada sa'a a kanta, ka nemi gyara yau. Kamfanoni da yawa suna yarda a gyara haruffa biyu zuwa uku in an ga mutum ɗaya ne, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Abin da ba sa yarda da shi shi ne mayar da tikiti sunan wani. In a shafin kamfanin jirgin ka saya, ka tura musu hoton fasfo. In a shafin dillali ne, dole ta hannunsa, kuma in tafiyar ta haɗa kamfanoni biyu abin yakan yi wuya, har ta kai ga sokewa a sake yanka. Da a ranar da aka yanka aka gane, kuma wajen ejan, da sai ya soke ya sake ba tara.

Wannan kuskure ya yi yawa a cikinmu saboda suna ɗaya rubutu uku: Usman da Ousmane da Othman, Aisha da Aïchatou. Dabarar ita ce a kwafi layuka biyun da ke ƙasan shafin hoto na fasfo, inda sunan mahaifi ke zuwa farko, sai alamar << sannan sauran sunaye. Alhaji da Hajiya da Injiniya ba sa shiga.

TAMBAYA: Na yanki tikitin Kano zuwa Legas daban, na Legas zuwa Dubai daban, na bar awa uku a tsakani. Jirgin Kano ya yi jinkiri, na waje ya tafi ya bar ni. Yanzu an ce har tikitin dawowata ya mutu. Haka dokar take? Daga wani ɗan kasuwar waya, Farm Centre, Kano.

AMSA: Haka take, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. A wajen kamfanin jirgin waje, kai fasinja ne da bai zo ba, ba ruwansu da abin da ya tsare ka, tunda ba a tikitinsu yake ba. Kuma ƙa'idar kusan duk kamfanoni ce cewa in ba a hau zangon farko ba, sauran zangunan su faɗi, har da na dawowa. Da tikiti ɗaya ne mai lamba ɗaya, da nauyin saka ka a jirgi na gaba yana kansu.

Abin yi yanzu: ka sa wanda ya yanka ya duba sharaɗin ajin. Wasu ana biyan tarar rashin zuwa da cikon farashi a farfaɗo da su. In ajin bai yarda ba, ka nemi a maido maka harajin da ba a ci ba, don wani ɓangarensa yana dawowa ko da tikitin na ba-a-maido ne. Mutane da yawa na barin wannan kuɗi saboda ba wanda ya gaya musu.

Awa uku a Legas kuwa ba komai ba ne. Jiragen gida a wani gini suke sauka, na waje a wani suke tashi, sai ka jira kaya ka shiga mota, ga cunkoso, kuma ana rufe kantar jirgin waje kamar awa ɗaya kafin tashi. In tikiti biyu ne dole, ka sauka tun daren jiya, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke hana jirage sauka a Kano. Gara ka biya kuɗin otal na dare ɗaya da ka rasa jirgi. In kuma ka ga alamar ba za ka kai ba, ka sa a canza rana kafin jirgin ya tashi: tarar canji ta fi ta rashin zuwa sauƙi nesa ba kusa ba. A irin wannan sa'ar ake gane amfanin ejan mai ɗaukar waya. Wasu shafukan dillalai ma da gangan suke haɗa tikiti biyu su nuna su kamar ɗaya, da ɗan rubutu ƙanana cewa kai za ka ɗauki kayanka ka sake awo a zango. Duk inda ka ga wannan, irin abin da ya same ka ne ke jira.

TAMBAYA: Kamfanin jirgi ya soke tafiyarmu. Na kira su sun ce in je wajen shafin da na saya, shafin ya ce yana jiran kamfanin jirgi. Wata biyu ke nan. Wa zan kama? Daga wata ma'aikaciya, Abuja.

AMSA: Malama, kuɗi ta hanyar da ya shiga yake fita. Ke kin biya dillali, dillali ya biya kamfanin jirgi, don haka kamfanin dillali zai mayar wa, shi ya miƙo miki. Abin da za ki fara nema shi ne sanin inda kuɗin ya tsaya. Ki rubuta wa kamfanin jirgin da lambar tikitin nan mai 13, ki ce su gaya miki a rubuce halin da tikitin yake ciki: a buɗe yake, ko an riga an maido kuɗinsa, kuma a wace rana. In a buɗe yake, dillalin bai ma nema ba. In an maido, kuɗinki na hannunsa, kuma kin samu hujja.

Tunda su suka soke, ba ke ba, cikakken kuɗinki ne haƙƙinki ko da ajin na ba-a-maido ne. Sashe na 19 na dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, ya sa wa kamfanin jirgi wa'adin kwana 14 ga kuɗin da aka biya ta banki, kuma hukumar na da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi. Ki kai musu ƙorafi da tikiti da rasidi da saƙon sokewa. In dillalin na cikin Nijeriya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ma ƙofa ce. In da kati kika biya, ki je bankinki ki nemi a janyo kuɗin bisa dalilin an biya ba a samu aiki ba, amma kada ki yi sanyi, wannan dama tana da wa'adi. In kuma dillalin na wata ƙasa mai nisa, katin nan shi ne kusan makaminki kaɗai.

TAMBAYA: Kamfaninmu na da ma'aikata kamar goma da ke yawan tafiya Abuja da Legas, wani lokaci waje. Mu ɗauki ejan guda ko kowa ya saya a kawo rasidi? Daga wani akanta, Kaduna.

AMSA: Ranka ya daɗe, ka raba su biyu. Tafiyar gida, tashi ɗaya sauka ɗaya, ba ta buƙatar ejan. Mutum ɗaya a ofis ya riƙa saye a shafin Air Peace ko Max Air ko Ibom Air da imel ɗin kamfani, ya saka lambar wayar matafiyin don saƙon canjin lokaci ya same shi kai tsaye. Kada a bar kowa ya saya da katinsa, don ranar da aka soke tafiya kuɗin kamfani asusun ma'aikaci zai koma.

Tafiyar waje a ba ejan guda, amma da yarjejeniya a rubuce: nawa ne kuɗin aiki a kan kowane tikiti, nawa a kan canji, lambar da za a kira da dare da ranar hutu, kwana nawa kuɗin da aka maido zai yi kafin ya iso, da lissafin wata-wata mai nuna tikitocin da ba a hau ba. Wannan na ƙarshe shi ne inda kamfanoni ke asara a ɓoye, don yawancin tikitocin waje shekara ɗaya suke yi daga ranar yanka, in ta wuce sun tafi. Lokaci-lokaci ka gwada farashinsa da na shafin kamfanin jirgin, kuma ka bari ya san kana gwadawa.

TAMBAYA: Otal fa? Shi ma ejan ya fi? Daga wani mai karatu, Sakkwato.

AMSA: A nan intanet ta fi, Malam. A Booking.com ko Trip.com kana ganin taswira, nisan otal da kasuwa, da ra'ayin waɗanda suka kwana, abin da ejan bai cika sani ba sai in otal ɗin da ya saba tura mutane ne. Ka zaɓi ɗakin da ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewar. Ko an ce sai ka isa za ka biya, otal na iya gwada katinka, in bai ɗauka ba su saki ɗakin. Katunan naira sun daina aiki a waje a bankuna da yawa tun 2022, wasu suka dawo da su a 2025 da iyaka, don haka ka tambayi bankinka iyakarka kafin ka dogara da shi. Ɗaki kuma sai wajen biyu ko uku na rana ake bayarwa. In jirginka da asuba zai sauka, ko ka biya daren da ya gabata ka sanar da su, ko ka shirya zaman jira da kayanka.

TAMBAYA: Na ga tikitin Guangzhou mai araha da zai yada zango a Turai. Ba fita zan yi ba, ina buƙatar biza? Daga wani ɗan kasuwa, Kumasi.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Alhaji. Ghana da Nijeriya duk suna cikin jerin ƙasashen da ake nema wa bizar yada zango a filayen jirgin ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ko da mutum ba zai bar cikin filin ba, sai in yana da ingantacciyar bizar Schengen, ko ta Amurka, Kanada ko Japan. Ingila ma tana da irin tata dokar. Shafin intanet zai karɓi kuɗinka bai tambaye ka launin fasfonka ba, sai a kanta a Accra a hana ka hawa, kuma a lissafa ka cikin waɗanda ba su zo ba. Ejan na da Timatic, kundin sharuɗɗan biza da fasfo na ƙasashe, wanda ma'aikatan kanta su ma shi suke dubawa. Ka ba shi ƙasar fasfonka da duk zangunan tafiyar ya duba kafin a biya, ya duba kuma ko fasfon na da sauran wata shida. Ta Adis Ababa ko Doha a tikiti ɗaya, ba a neman wannan biza.